Mai Ɗaki a Ɗakin Aro

Tun muna shekarar farko a jami'a, wani malaminmu na darasin al'ada ya taɓa jefo mana tambaya, ya ce, me ya sa Bahaushe ke kiran miji mai gida, amma in ya juyo kan mata sai ya ce mai ɗaki? Muka yi ta kawo amsoshi irin na ɗalibai, wasu don neman maki, wasu don a yi dariya a tashi. Ni ma na kawo tawa, har malam ya gyaɗa kai. Amma in gaya maka gaskiya, ya mai karatu, ban san amsar tambayar nan ba sai bayan shekara goma sha biyu, a wani ɗaki na hawa na biyu a birnin Manchasta ta ƙasar Ingila, ranar da na ga matata tsaye da mayafinta ta rasa wurin zama, alhali kuwa ga kujeru har uku a gabanta.

Ni mutumin Kiru ne, ita kuwa 'yar Tudun Wadar Ɗankadai ce. An ɗaura mana aure a shekarar 2013, sa'ad da nake ƙaramin malami a wata babbar makaranta a Kano. Mahaifinta manomin shinkafa ne, kamar mutane da yawa a wannan yanki, kuma ita ce 'yarsa ta fari. Da biki ya matso sai ya fito da shinkafar da ya ɓoye yana jiran ta yi tsada, ya haɗa da bijimi guda ya sayar, ya damƙa wa mata kuɗin suka shiga birni. Ranar jere ba a bar ni na leƙa ba, don ba a yin haka. Sai da aka kawo amarya na ga aikin da aka yi: gado da sif da madubi iri ɗaya, na katakon zamanin nan mai sheƙi, ga kujerun kushin, ga firji, ga labule biyu-biyu a kowace taga, ga kuma kabad cike da tangaran wanda har muka bar ƙasar nan ba a taɓa cin abinci a cikinsa ba. Gwaggonta, wadda ta shugabanci 'yan jere, ta sa wata yarinya ta rubuta kome da kome a littafin rubutu irin na 'yan firamare, tun daga gado har ludayi, ta ba amarya ta ce ta adana.

Abin da ban lura da shi ba a lokacin shi ne, mata uku ne suka haɗu a ɗakin nan. Kakarta da aka kai ta ɗakin miji a zamanin Sardauna, ƙorai da tasoshi aka jera mata. Uwarta kuma gadon ƙarfe mai rumfa aka yi mata, da kwanonin samira da langa, an ɗora wani kan wani har sun kusa taɓa rufi. To, daga kowane ɗaki an tsakuro wani abu an sa a na matata: tasa guda daga wurin kaka, da wani kwanon samira mai murfi, mai zanen jar fure, daga wurin uwa. Ni dai idona yana kan firji.

A shekarar 2015 Allah ya nufe ni da samun tallafin ƙaro ilmi zuwa Ingila, na shekara huɗu. Murna ba ta gama sauka ba lissafi ya taso. Tallafin nawa ne ni kaɗai, kuɗin jirgin iyali da bizarsu a wuyana suke. Har wa yau, a watan Afrilu na wannan shekara gwamnatin Ingila ta shigo da wani sabon kuɗi na kiwon lafiya, fam 150 a shekara a kan kowane ɗalibi, haka kuma a kan matarsa, kuma a biya na shekarun duka a dunƙule kafin a ba da biza. A lokacin fam ɗaya yana wajen Naira 300 a banki. Na buga lissafi ta gaba, na buga ta baya, bai fita ba. Ina zaune a kan kujerar kushin ina wannan tunani, sai na shafa hannun kujerar, dabara ta faɗo mini. Na ce da ita, tun da shekara huɗu za mu yi, kayan nan kuwa ba za su shiga jirgi ba, me zai hana mu sayar, in mun dawo in saya mata sababbi waɗanda suka fi su?

Ba ta yi musu ba. Ta dube ni kawai ta ce, "Malam, sai dai ka gaya wa Inna da bakinka."

Kowa ya san suruki ba ya tarar surukarsa da irin wannan magana, ko kallon ido ma ba ya yi mata. Na ɗauka zancen ya mutu ke nan. Ashe ya kai Tudun Wada. Bayan kwana uku sai ga Gwaggo ta yi sallama da la'asar, da ƙullin shinkafa a hannu. Ta ƙi hawa kujera, ta zauna a kan tabarma, muka gaisa, ta tambayi mutanen Kiru ɗaya bayan ɗaya. Sa'an nan ta ce, "Ɗana, an ce za ku ƙasar Turawa, Allah ya sa albarka. An kuma ce kana neman mai sayen gado. To, ai ban san kana da gado ba." Na sunkuyar da kai. Ta ce, "Mace takan sayar da kwanonta, ni ma na sayar da nawa shekarar da za mu aurar da uwar yarinyar nan. Amma ita ke sa wa kanta rana. Gida naka ne, in ka so ka rushe shi gobe. Abin da ke cikin ɗaki kuwa, ubanta ya yi gumi ya saya mata don ta zauna a gidanka da mutunci." Ta tashi ta yi alwala ta tafi, ko ruwa ba ta sha ba.

Mota ta na sayar, na haɗa da rancen adashin malamai. Kayan kuma muka ɗauko a-kori-kura aka yi sawu biyu zuwa Kiru, mahaifina ya ba mu wani ɗaki a ƙuryar gida, aka jibge su, aka lulluɓe da tsofaffin zannuwa, aka sa kwaɗo. Ita ta riƙe mabuɗin.

An ce ba a fafe gora ranar tafiya, amma mu a daren tafiya muka fafe namu. Kowane fasinja jaka biyu aka yarje masa, kowace jaka kilo 23, watau mu biyu kilo 92 ke nan, a ciki za mu zuba zaman shekara huɗu. Na aro sikelin wani maƙwabcinmu mai sayar da hatsi, muna ɗorawa muna saukewa. Ni na ware littattafai, har da ƙamusun Bargery, wanda shi kaɗai ya kusa nauyin jariri. Ita kuwa ta ware muciya da maburgi da mara da rariya da buta biyu da kaskon turare, da kuka da daddawa da busasshiyar kuɓewa da yaji. Kilishi da man shanu da aka aiko daga gida sai rabar da su muka yi, domin dokar Ingila ta hana shiga da nama ko kayan nono daga ƙasashe irin namu. Da sikeli ya nuna mun zarce, sai na ɗago kwanon nan mai jar fure na ce, wannan fa? A ƙasar da ake ƙera jirgin sama za a rasa kwano? Ta karɓe shi daga hannuna, ta cire atamfarta guda biyu daga jaka, ta sa shi a gurbinsu.

Ba mu ne farkon mutanen kudancin Kano da suka ɗaure kaya suka nufi wata ƙasa ba. Alhassan Ɗantata a Bebeji aka haife shi a 1877, mahaifiyarsa ta yi zama a Akara ta ƙasar Gana, shi ma ya bi hanyar Gwanja yana fataucin goro kafin ya zama abin da ya zama. Falke na wancan zamani kayan ɗakinsa ba su wuce abin da jaki zai ɗauka ba, buzu da bargo da buta da tukunya. Inda dare ya yi masa nan ne zango, gobe a kama hanya. Amma je ka Kumasi ko Akara yau ka tambayi ina ne Zango, za a nuna maka unguwanni da masallatai da makarantu da jikokin jikoki. Na daɗe ina tunanin ranar da zango ya tashi daga masauki ya zama gari, kuma zuciyata tana ba ni ranar da aka fara kai amarya ce, aka yi mata jere. Wannan dai ra'ayina ne, masana tarihi na iya gyara mini.

Mun sauka Landan a watan Satumba, muka shiga motar safa zuwa Manchasta, tafiyar wajen mil 200. Gidan haya a can iri biyu ne, akwai wanda ake ba ka fanko, akwai wanda ake ba ka da kayansa. Tun ina Kano na kama mai kaya ta intanet, ina ganin na yi wayo, ba sayen tsinke sai dai mu shiga mu kwanta. Wakilin mai gida ya tare mu a ƙofa da takarda shafi huɗu. Ya bi da ni kusurwa-kusurwa yana karantawa ina dubawa: gado ɗaya, katifa ɗaya mai tabo a gefen hagu, kujeru uku, tebur ɗaya mai ƙujewa a ƙafa, cokali shida, wuƙa shida, kofi biyar. Na sa hannu. Ya gaya mini kuɗin ajiyar da na biya suna nan, duk abin da ya ɓace ko ya lalace daga ciki za a cire. Kada a kafa ƙusa a bango, kada a sauya labule, kada a fitar da kome. Sai na tuna da littafin Gwaggo. Shi ma lissafi ne daga gado har ludayi, sai dai wancan an rubuta shi don a san abin da ke nata, wannan kuwa don a san abin da ba namu ba.

Da mutumin ya fita na juyo cike da fara'a, sai na gan ta tsaye a tsakar ɗaki yadda ta shigo. Na ce ta zauna mana. Ta dubi kujerun, ta leƙa uwar ɗaka, ta dawo ta ce, "Malam, wa ya kwana a kan katifar can?" Na ce ina zan sani? Ta buɗe jaka ta ɗauko zane ta shimfiɗa a ƙasa ta zauna. A daren nan a kan bargo ta kwana, haka ma daren da ya biyo baya, har wajen wata biyu.

Wahalhalun farko irin waɗanda ake ba da labarinsu ana dariya ne. Banɗakinsu shimfiɗe yake da darduma, ba kuma magudana a ƙasa, saboda su ruwansu a cikin kwarmin wanka yake tsayawa. Mu kuwa mutanen buta ne, alwala sau biyar a yini. Ba mu yi sati uku ba maƙwabcinmu na ƙasa ya hawo ya ƙwanƙwasa, cikin ladabi ƙwarai, ya ce rufinsa na ɗiga. Ranar Juma'ar farko kuma ta hura gawayi a kasko ta zuba turaren wuta, don ɗakin ya daina warin mutanen da ba ta sani ba. Kafin hayaƙi ya kai rufi wata 'yar na'ura ta tsala ihu, na gidan duka suka amsa, mutane suka yi ta sauka da rigunan barci suna tsaye a titi cikin yayyafi. Alƙibla ma sai da ta rikita mu. Mu a gida gabas muke cewa, har kalmar ta zama ɗaya da alƙibla a bakinmu, a can kuwa sai ka karkata kudu maso gabas, kuma daidai wannan kusurwa mai gida ya girke wata tsohuwar sif wadda takarda ta hana mu gusar da ita.

Wanda ba na dariya ba shi ne shirun da ta shiga. Ni da safe na fice ɗakin karatu, ba na dawowa sai dare. A watan Disamba kafin ƙarfe huɗu na yamma rana ta faɗi. Ina ganin ta rame sai na ɗora laifin a kan sanyi. Na taɓa yin hunturu guda a Riruwai, cikin duwatsun Doguwa, inda ruwan randa ke yanka hannu da asuba, na ɗauka na san sanyi, ashe ƙanensa na sani. Saboda haka na sayo mata riguna masu kauri da safa, na ƙara wutar ɗumama ɗaki, na ce da bazara ta zo za ta warware. Tana share ɗakin nan kullum, tana goge shi tas, amma yadda mai aiki ke goge ɗakin uwargijiyarta. In kofi ya kusa suɓucewa sai ta dafe ƙirji. Kwanon samira kuwa yana kan dakalin taga shi kaɗai, ba a zuba kome a ciki.

Wata Lahadi Inna ta kira ta waya mai hoto, ina gefe ina jin su. Bayan gaisuwa ta ce, "To, nuna mini ɗakin naki in gani." Ta zagaya da waya a hankali. Inna ta ce, "Masha Allahu, har da kujeru. Wa ya yi miki jere?" Ta ce, "Na mai gidan haya ne, Inna." Can ɓangaren aka yi shiru, har na zaci layi ne ya yanke. Sa'an nan Inna ta ce, "To, Allah ya sa a gama lafiya." Da aka ajiye waya ta shiga banɗaki ta kulle, ta buɗe famfo don kada in ji. A nan ne tambayar malaminmu ta dawo mini. Na ɗauko mai ɗaki na raba ta da ɗaki, na ajiye ta a kan kayan wani ƙato da ba ta taɓa gani ba, sa'an nan ina mamakin abin da ke damunta. Zanen aro dai ba ya rufe katara.

Da ɗan gari akan ci gari. A kasuwar Longsight, inda muke sayen doya da attarugu, ta gamu da wata dattijuwa Bahaushiya 'yar Zangon Kumasi, wadda ta fi shekara talatin a Manchasta. Hajiya ta ji ta tana yi mini magana da Hausa, ta riƙe mata hannu kamar ta ga 'yar cikinta. Da ta ziyarce mu ta ga yadda muke, ba ta ɓoye mini ba. Ta ce, "Malam, ku masu karatu kullum haka kuke yi. Fitar da yarinyar nan daga gidan nan, ka kama fanko, ko tabarma ce ta shimfiɗa ta san tata ce."

Shawarar ta zo daidai da wani abin da ya fi ƙarfina. A shekarar 2016 darajar Naira ta faɗi, fam ɗaya ya haura Naira 500 a kasuwar bayan fage, ɗan abin da nake sa rai daga gida ya zama rabi. Gidan da ba kaya ya ɗan fi araha. Da wa'adin hayarmu ya cika muka tashi, bayan an zaftare kusan rabin kuɗin ajiya saboda dardumar banɗaki. Muka koma wani ƙaramin gida na jan bulo, irin masu jere da juna kamar haƙoran mataji, ba kome a ciki sai murhu da amsa-kuwwa. Na lura tun ranar farko tafiyarta ta sauya. Ta bi ɗakunan tana auna bango da taku, tana cewa nan gado, nan sallaya.

Dokar biza ta yarje mata yin aiki, sai Hajiya ta haɗa ta da masu suna da masu walima, tana yi musu waina da cincin da dambun nama. Ba ta taɓa tambayata ko fam ɗaya don kayan ɗaki ba, ni ma na koyi hankali ban sa baki ba. A Ingila akwai kantuna na ƙungiyoyin agaji, inda mutane ke kai kayan da suka gaji da su kyauta, a sayar da araha a yi aikin taimako da kuɗin. Akwai kuma kasuwar Lahadi wadda kowa ke zuwa da motarsa ya buɗe bayanta ya baje tarkacen gidansa. Watau dai gwanjo, sai dai su ba sa jin kunyarsa, farfesa ma za ka gan shi yana taya tsohuwar fitila. A nan ta sayo tebur, ta sayo kujera doguwa, ta sayo tukwane. Katifa ce kaɗai ta ce sai sabuwa, ta kuwa tara kuɗin wata uku kafin ta saya. Gadon daga IKEA muka ɗauko shi, a cikin kwali, falle-falle, da ƙullin kusoshi da takardar zane ba rubutu. Na kwana biyu ina fama, ni mai neman digiri na uku, na ɗaura na kwance sau uku, ina tuna kafintocin garinmu waɗanda ba su taɓa ganin irin wannan takarda ba amma in sun haɗa maka gado sai jikanka ya gada.

Da kaya suka taru Hajiya ta ce ba za a zuba su haka kawai ba, sai an yi jere. Ranar wata Asabar mata bakwai suka zo, 'yan Kano da Katsina da Maraɗi da Kumasi, matan ɗalibai da na likitoci. Aka kore ni, kamar yadda aka yi a 2013. Na yini a masallaci. Da na dawo da magariba tun daga bakin titi na jiyo guɗa, an ɗan danne ta saboda maƙwabta. An rataya labule, an shimfiɗa gado, an sa turare a ɗan kasko na lantarki wanda ba ya tayar da na'ura. A saman kanta, a tsakiya, ga kwanon samira mai jar fure, an jera farantan gwanjo hagu da damansa. Ashe littafin Gwaggo ma ya biyo mu cikin jaka. Ta buɗe sabon shafi, wata 'yar Katsina ta rubuta mata kome. A daren aka kira Inna.

In wani daga cikin 'yan'uwa ɗalibai ko malamai yana shirin irin wannan tafiya da iyali, abin da zan ce masa kaɗan ne. Kada ya wahalar da kansa da ɗaukar abin da kuɗi ke saya a can. Kayan lantarki ma filoginsu mai ƙafa uku irin namu ne, kuma na gwanjo sun fi na Kano araha. Ya ɗauki abin da ba shi da kanti, muciya da maburgi da duk abin da uwargida ta ce ba ta bari, ko da shi bai ga amfaninsa ba. Bargery dai sau biyu na buɗe shi a shekara huɗu, muciya kuwa kullum tana cikin tukunya. Ya kuma auna faɗin ƙofa da matakala kafin ya sayi kujera, don gidajensu ƙunci gare su, mun ga wanda tasa ta kwana a titi.

Kakana na wajen uwa ya yi aikin kuku a gidan wani Bature mai haƙar kuza a Riruwai. Yakan ba mu labari cewa Turawan nan kayansu duk masu naɗewa ne, gado mai naɗewa, kujera mai naɗewa, har bahon wanka na tamfol, kuma in ɗayansu zai koma gida sai ya yi gwanjon abin da ya rage. A irin wannan gwanjo ya sayi wata kujerar katako mai zaman tamfol, muna yara muna rububin hawanta, muna ce mata kujerar Bature. Ban taɓa kawowa a raina ba cewa wata rana ni ne zan zama Baturen, sai a 2019 da na kammala karatu na tsaya a tsakar gida ina kallon kaya. Mun tambayi kuɗin aiko su ta jirgin ruwa zuwa Legas, da na kwastan, da na mota zuwa Kano, muka ga sun ninka kuɗin kayan. Wannan karo ban ce uffan ba, na jira ta sa ranarta.

Ba ta sayar ba. Akwai wani ɗalibi da ya iso da amaryarsa daga Zariya, suna zaune a gidan mai kaya, yarinyar ta yi zuru-zuru. Ita ta kira ta ba ta gado da katifa da tebur da tukwane, matan nan suka sake taruwa suka yi jere. Doguwar kujera ce ta zame mana kaya, don ƙofar amarya ba ta ci ta ba. Muka kira kantin agaji su ɗauka kyauta, suka zo suka juya ta suka ce ba za su karɓa ba. Ashe tun 1988 akwai doka a ƙasar cewa duk kujera mai kushin da za a sayar sai tana ɗauke da wani ɗan ƙyalle mai shaidar ba ta saurin kama wuta, ni kuwa na daɗe da yanke shi da almakashi don ina ganin yana ɓata ado. Sai hukumar gari muka kira ta kwashe ta zuwa juji.

Mun iso Kiru da kaka, ana yankan dawa. Bayan an gama gaishe-gaishe ta ciro mabuɗi daga jakarta, muka nufi ƙuryar gida, mahaifiyata na biye da mu tana goye da ɗiyar da muka haifa a can. Kwaɗon ya yi tsatsa, sai da aka ɗiga masa man gyaɗa. Da ƙofa ta buɗe warin ƙasa ya buso. An kawo mana gara ranar biki mun ci mun yi santi, ashe akwai wata garar da ke jiran nata rabon. Ta shigo ta ƙasan bango ta gina hanyoyinta har saman sif. Na taɓa allon gadon nan mai sheƙi, yatsana ya shige ciki kamar cikin tuwo. Kujeru ɓeraye sun haihu a cikinsu. Lissafi ya zo mini, na bijimi da shinkafa da motata, har na buɗe baki, sai mahaifiyata ta harare ni na rufe.

Ita kuwa ta tattare zanenta ta tsallaka ta shiga. Kabad ya zube, amma tangaran ɗin yana nan a cikin ɓaraguzai, biyu kawai suka fashe. Ta tona ta ciro tasar kakarta, ta yi baƙi ƙirin. Ta fito da ita tsakar gida, ta ce a ba ta toka da lemon tsami, ta zauna a kan turmi ta fara gogewa. Yarinyar ta zame daga bayan kakarta ta zo ta tsuguna tana kallo, tana tambaya da Turanci mene ne wannan. Uwar ta amsa mata da Hausa, ta ce, "Taki ce. Riƙe nan in goge gindin."